Wushiryar Talatu

Duk yaron da ya zo shagona a Samaru wai yana son koyon haɗa haƙoran roba, abin da nake fara miƙa masa shi ne sabulun wanki da 'yar wuƙa. Nan take za ka ga fuska ta canza. Shi a tunaninsa yau-yau za a ba shi farar riga da safar hannu, ya ɗauki hoto ya tura wa abokai. Wani ma cewa ya yi ai ya kalli yadda ake yi a waya, minti goma an gama. Na ce to madalla, sassaƙa mini haƙorin gaba guda ɗaya da sabulun nan, in ka gama ka tashe ni. Abin da ya kawo mini bayan awa biyu ya fi kama da ƙwayar masarar da kaza ta tsattsaga ta bari. Ban cika yi musu dariya ba, don nawa na farko ya fi nasu muni.

Sunana Ishaya, kuma ni ba likita ba ne, ku riƙe wannan tun yanzu. Likita shi ke duba ciwo, shi ke cire haƙori. Mu namu shi ne idan giɓi ya samu, mu ɗauki awon baki, mu zuba farin siminti a awon ya ba mu siffar bakin mutum, sannan mu haɗa abin da zai cike gurbin. Na haura shekara arba'in ina wannan aiki, kuma har yau in na ɗauki haƙorin mutum na gaske a tafin hannuna sai na ji na koma ɗan koyo.

A Sabon Garin Zariya na koya, wurin wani Bayarabe da ake kira Baba Adisa. Shagonsa na bayan masu sayar da kayan mota, ɗaki ɗaya ne mai warin kaki da dafaffiyar roba. Kayan aikinsa ba su da yawa: 'yar fitilar narka kaki, wuƙaƙe sirara, magagari iri-iri, tukunyar dafa roba, wani ƙarfe mai buɗewa da rufewa kamar muƙamuƙi wanda ake ɗora siffar baki a kai, da injin gugar da ake takawa da ƙafa kamar keken ɗinki. Amma abin da ya fi ji da shi wani gwangwanin madara ne cike da haƙoran mutane, waɗanda likitocin da yake yi wa aiki suka cire suka tara masa. Ranar da mahaifina ya kai ni, ya zazzage su a kan tebur kamar mai shanya gyaɗa. Saura kaɗan in bi mahaifina mu koma gida.

Wata takwas na yi ina sassaƙa sabulu. Zai zaro haƙori ɗaya daga gwangwanin ya ajiye a gabana, in yini ina kwaikwayonsa. Da yamma ya ɗaga nawa ya juya shi sau biyu, ya jefa a bokiti. Matarsa ta kusa shekara ba ta sayi sabulu ba, da haƙorana take wanki. A cikin watannin nan ne na gane haƙoran babban mutum talatin da biyu babu wanda aka yi shi a banza. Na gaba faffaɗa ne masu kaifi don yanka, fiƙa don yaga, turame na ciki don niƙa. Kan kowane turmi akwai tudu da kwari, kuma tudun na sama yana faɗawa daidai cikin kwarin na ƙasa kamar murfi da tukunyarsa. Na dama da na hagu ma ba ɗaya ba ne. Baba Adisa yakan rufe ido, ya lalubo haƙori a gwangwani, ya faɗa maka na sama ne ko na ƙasa, na wane gefe, har ya ce mai shi da wane ɓangare yake tauna.

Wata safiya ya ɗaure wani haƙorin gaba a matsi, ya ɗauko siririn zarto ya tsaga shi biyu daga sama har ƙasa. Ya daɗe yana fama, zarton yana zamewa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Da ya rabu ya kira ni.

"Zo ka gani, Ishaya. Kai kana tsammani dutse ne, ko?"

Ni dai dutse na ɗauka. Ashe hawa-hawa ne. Daga waje akwai farin ɓawo mai sheƙi kamar tangaran, shi ne ya wahalar da zarton. Baba ya ce duk jikin ɗan Adam babu abin da ya kai shi tauri, ko ƙashi bai kai shi ba. A ƙarƙashinsa akwai wani mai ruwan rawaya-rawaya, shi ne mafi yawan jikin haƙorin, ya fi ɓawon laushi. Can tsakiya kuma wani ɗan ɗaki ne siriri da ya bi ta cikin saiwa har ƙarshenta. Nan ne ɓargon haƙori yake zama, da jininsa da jijiyarsa. Saiwar kanta ta fi abin da ake gani a baki tsawo, kuma an shafe ta da wani siririn shafe kamar siminti.

"Fata in ta yanke tana warkewa," in ji Baba. "Ƙashi in ya karye yana haɗewa. Farce kana yankewa yana fitowa. Amma wannan farin," ya ƙwanƙwasa ɓawon da wuƙa, "sau ɗaya ake ba mutum. In ya tafi, ya tafi ke nan."

Sai ya zaro zare ɗaya daga tsumman goge hannu, ya ce in rufe ido. Ya sa zaren tsakanin haƙorana na gaba ya ce in cije a hankali. Na ji shi sarai, har na san inda yake kwance. Ya ce to ta yaya dutse zai ji zare? Ashe haƙori ba a kafe yake a ƙashi kamar ƙusa a katako ba. Rataye yake da wasu zaruruwa ƙanana da suka riƙe saiwarsa ta kowane gefe, su ke ba shi ɗan motsi, su ke kai labari. Shi ya sa kana cin shinkafa za ka ji tsakuwa, bakinka ya tsaya cak kafin ma ka yi tunani. A nan ya kafa mini dokarsa, wadda ita kaɗai ce dokar shagon.

"Siminti namu ne, kaki namu ne, roba tamu ce. Haƙorin da ke cikin bakin mutum ba namu ba ne. Kada ƙarfenka ya taɓa shi. You hear me so?"

Na ce na ji, Baba.

Aikin farko da ya bar mini ni kaɗai na wani tsohon soja ne daga Basawa, wanda faɗuwar babur ta ɗebe masa haƙora uku na gaba. Na zage na haɗa masa haƙora farare tas, ina ta jin kaina. Da ya sa ya dubi madubi sai ya ce, "Yaro, wannan ai ko jikana ya gani sai ya gudu." Mutum ne mai cin goro tun yana samari, sauran haƙoransa duk sun rine, nawa uku suna tsakiya kamar baƙi a gidan biki. Ranar na koyi cewa babu farin haƙori a duniya. Kowane haƙori ya fi duhu a wajen dasashi, ya fi haske a wajen baki, saboda rawayan ciki ne ke leƙowa ta cikin ɓawon. Sai da na sake aikin sau uku ina cakuɗa launi, har na samu jan goronsa daidai. Bayan mako guda ya dawo da ƙullin tsire ya zauna a bencinmu ya cinye a gabana don in shaida.

Haka na shekara bakwai a wurin Baba, ina ganin mutane iri-iri. Alhazai da hajiyoyi masu kawo haƙorin Makka da ya fara girgiɗi, tsofaffin da ke cire haƙoranmu su sa a aljihu in za su ci abinci don kada su lalace, amaren da ke son a rufe giɓi kafin ranar ɗaukar hoto. Da ya sallame ni sai na buɗe nawa shagon a Samaru, kusa da jami'a, na yi aure, abubuwa suka fara tafiya.

Sai muguwar shekarar ta zo. Aka rufe jami'a wata da watanni, ɗalibai suka watse, ma'aikata suka zauna babu albashi. Samaru ta yi tsit, ɗakunan haya a Bomo, ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu, duk kwaɗo ne a ƙofa. Wanda bai samu abin taunawa ba kuwa ba ya neman haƙori. Sai in buɗe shago da safe, in share, in goge kayan aiki, in zauna ina kallon titi har rana ta faɗi.

A lokacin ana yayin wushirya. Duk budurwar da aka haifa da 'yar tazarar nan tsakanin haƙoran gaba ta zama abin kallo, waɗanda ba su da ita kuma suka shiga nema. Akwai wani mutum a bayan tasha da ke zaunar da 'yan mata a kan benci ya goge musu haƙora da magagarin maƙera. Wasu suka fara zuwa wurina, tunda ni ina da inji. Na kori uku, har da faɗa.

Ta huɗu ita ce Talatu. 'Yar wani manomi ce a Bomo, cocinmu ɗaya, tana cikin mawaƙa, kuma tun tana ƙarama take ce mini Yaya. An sa bikinta bayan girbi da wani malamin firamare da suka daɗe suna son juna. Haƙoranta kuwa, ni da na san haƙori, ban taɓa ganin jeri mai kyau irin nata ba.

"Yaya Ishaya, 'yar kaɗan fa. Yadda in na yi dariya a hoto za a gani."

"Ke Talatu, mutane na zuwa nan a rufe musu giɓi, ke kin zo a buɗe miki? Tashi ki tafi gida."

"To shi ke nan. Gobe zan je wurin na bayan tasha. Ƙawata Ladi ma can aka yi mata."

Wannan maganar ce ta kama ni. Na ce wa kaina in na bar ta, wancan mahaukacin zai lalata mata baki, ni kuwa na san inda ɓawo ya ƙare. Haka na gaya wa kaina. Gaskiyar ita ce gida babu cefane, kuma ina jin hannuna ya fi na kowa a Zariya. Na ce ta zauna. Saboda sabo, sai da na fara ɗaukar awon bakinta na zuba siminti, kamar yadda nake wa kowa, sannan na ɗaura ɗan dutsen guga a inji na taka feda.

Har yau ina jin warin, kamar an ƙona gashi. Na goge gefen haƙorin gaba na dama kaɗan, na koma na hagu. Da na ja baya na duba sai na ga tazarar ta karkace, na ce bari in ƙara a na hagu ta daidaita. Talatu ta damƙe hannun kujera, hawaye na bin kuncinta. Ina cikin guga sai na ga farin ya ƙare, rawaya ya leƙo. Na san abin da na gani, ni da aka tsaga wa haƙori a gaban idona. Amma saura ƙiris tazarar ta miƙe, sai na ƙara takawa.

Ta dubi madubi ta yi tsalle. Wushirya ta fito ɗas, duk wanda ya gani sai ya yaba.

Ranar Lahadi na hango ta cikin mawaƙa tana waƙa da hannu a baki. Bayan an tashi ta ce mini iska ce ke shiga haƙorin kamar allura, ruwan randa kuwa ko kusa. Na ce zai daina. Aka yi biki, aka yi hotuna, wushirya ta fito a kowanne. Wata biyar, wata shida, ciwon na zuwa yana tafiya, ita kuma tana cusa kanumfari tana haƙuri. Rannan ta ce mini ya daina gaba ɗaya. Na ji sanyi a raina, na ce kin gani ko. Ban san shirun mutuwar haƙorin ne ba.

Bayan 'yan makonni mahaifiyarta, Inna Rahila, ta shigo shagona tana jan ta a hannu. Leɓen Talatu na sama ya kumbura, haƙorin hagu ya yi toka-toka, ga wani ƙurji a dasashi yana fitar da ruwa.

"Ishaya, dubi yarinyan nan. Kai muka sani da aikin haƙori, kai za ka gaya mini ko wannan na fita ne ko na zama."

Na rufe shago muka hau bas zuwa Sabon Gari. Na yi tsammanin Baba Adisa zai yi mini tsawa a gaban mutane, har na shirya. Bai yi ba. Ya ɗaga leɓenta ya duba, ya juyo gare ni.

"Ka ga rawaya?"

"Na gani, Baba."

"Ka tsaya?"

"Ban tsaya ba."

Ya ɗauki hularsa kawai ya ce mu tafi. Ya kai mu wurin wata likitar haƙori da yake yi wa aiki. Ta ɗauko ɗan guntun ƙanƙara ta ɗora a haƙorin dama. Talatu ta ƙwalla ƙara har ta kusa faɗowa daga kujera, likitar ta ce, "Yauwa, wannan da ransa." Ta ɗora a na hagu. Talatu ta zauna tana kallonmu, tana jira a fara. Likitar ta ce za ta gwada wanke cikin saiwar ko a samu a bar shi a tsaye, ko da matacce ne. Sau biyu muna komawa. A zuwa na uku ta ce haƙorin ya tsage har cikin saiwa, babu abin riƙewa, sai cirewa. Ta kuma gaya mini maganganun da na cancanta, waɗanda ba sai na maimaita muku ba.

Da muka fito, Talatu da auduga a baki, ta kama hannuna ta sa mini wani abu a naɗe cikin takarda. Da ƙyar maganar ta fito.

"Riƙe, Yaya. Aikinka ne."

Akwai wani abokina Malam Sani, ma'aikaci a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, wanda aikinsa shi ne yanka abubuwa sirara-sirara a manna a gilashi don ɗalibai su duba a madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa. Wurin mai shayi ɗaya muke karyawa. Ya ga na kwana biyu ba na magana, na ba shi labari, na nuna masa haƙorin. Ya juya shi a hannu ya ce in ba shi aro. Ya yanko yanki ɗaya daga tsakiyarsa, ya zauna da dutsen washi da ruwa yana gogawa da ɗan yatsa. Kwana biyu yana wannan aiki, har yankin ya koma kamar ɓawon albasa, haske na ratsa shi. Sannan ya aiko a kira ni.

Na sa ido a madubin. Wallahi na ɗauka zan ga abu fari fil, kamar bango. Abin da na gani ya sa na ɗago kai na dubi Malam Sani, na sake mayarwa. Farin ɓawon nan ashe ba dunƙule ba ne, wasu sanduna ne sirara da ba su ƙirguwa, an jera su gefe da gefe kamar ciyawar jinka, kowanne ya taso daga ciki ya nufi waje. A kansu kuma ga wasu layuka sun ratsa, ɗaya bayan ɗaya. Malam Sani ya ce ginin ne ake yi kaɗan-kaɗan tun mutum yana jariri, haƙorin na ɓoye cikin dasashi, yadda magini ke ɗora sahu ya bari ya sha iska ya dawo ya ɗora wani. Kowane sahu ya bar alamarsa.

"Ka ga wancan layin da ya fi sauran duhu?" in ji shi. "A nan ginin ya tsaya ya yi jinkiri. Yarinyar nan ta yi ciwo mai tsanani tana wajen shekara biyu."

Na ce Malam Sani, duba ka koma yi? Ya yi dariya ya ce in matsa ƙasa. Rawayan nan da na raina, ashe cike yake da 'yan hanyoyi sirara kamar gashin da aka taje, dubbai a kan dubbai, kowace ta taso daga ɗakin ɓargo ta zo har gindin ɓawo. Ta nan sanyi ke bi ya kai ga jijiya. Ranar da na ga rawaya na ci gaba, ƙofofin nan na buɗe wa iska da ruwa da ƙwayoyin cuta, dubbai a lokaci guda.

Sai ya juya gilashin a hankali ya kawo gefen da na goge. Ga aikina nan, miƙe sumul kamar an yanka da reza. Ya ce kada in kalli nan, in bi 'yan hanyoyin zuwa ciki, in dubi bangon ɗakin ɓargo daidai saitin wurin. A can na ga wani ƙullutu da ba ya sauran wurare. Launinsa daban, hanyoyinsa a karkace, babu tsari, kamar katangar da aka yaɓa da gaggawa ana ganin hadari.

"Mene ne wannan?"

"Sabon gini ne. Ɓawon waje ba ya dawowa, amma na ciki yana iya ƙara kansa. Tun ranar da ka taɓa shi ya ji ka, ya fara toshe wurin daga ciki don ya kare ɓargonsa. Duk watannin nan da take jin ciwo, aikin da yake yi ke nan." Sannan ya ce, "Dubi nan gefen, saura kaɗan ya rufe. Da ka tsaya baya kaɗan, da ya gama."

Ni ina coci ina ce mata zai daina, ina cin tuwon bikinta, ashe a cikin bakinta wani abu da bai kai ƙwayar gero ba yana ta gini ba dare ba rana don ya gyara ɓarnata, babu wanda ya sa shi, ita kanta ba ta sani ba. Tsoron Allah ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba ko a wa'azi. Na zauna a kujerar Malam Sani, ya kawo mini ruwa.

Da na je Bomo ɗaukar sabon awon bakin Talatu, na samu Inna Rahila tana sussukar masara. Bayan mun gaisa na ce, "Inna, Talatu ta taɓa yin wani babban ciwo tana 'yar shekara biyu?"

Ta ajiye masarar. "Ƙyanda. Bayan yaye da kaɗan. Har mun cire rai, babanta ya fara kiran dangi. Wa ya gaya maka? Ko ita ba ta sani ba."

"Haƙorinta ne ya faɗa."

Ta tafa hannu ta ce, "Ikon Allah. Abin da ni uwarta na fara mantawa, shi yana riƙe da shi. Shi ne kuka sa wa ƙarfe."

Talatu ta ce wushiryar ta ishe ta, in mayar mata da bakinta yadda yake. Ina da siffar da na zuba kafin in taɓa ta, haƙoranta na asali suna nan a siminti, don haka na ɗauka abin mai sauƙi ne. Na haɗa na farko, na fasa. Na haɗa na biyu, na fasa. In na yi shi daidai girman na asali sai a bar 'yar tazara, tunda na dama ma na rage masa faɗi. In na faɗaɗa shi ya rufe tazarar sai ya fi ɗan'uwansa girma. Sai a na tara na samu wanda zan iya kai mata ba tare da na sunkuyar da kai ba. Baba Adisa ya duba shi ya juya sau biyu, bai jefa a bokiti ba. Tun daga ranar ƙarfena bai sake taɓa haƙori mai rai ba.

Siffar simintin tana nan a kan kantata, gilashin Malam Sani kuma yana cikin akwati a naɗe da auduga. Haƙorin da nake ba kowane sabon yaro ya sassaƙa da sabulu, na hagun Talatu ne, daga siffar nan. Yanzu kun san dalili.

Talatu ta yi jikoki, tana sayar da hatsi a kasuwar Samaru. Roba tana tsufa, baki ma yana canzawa, don haka duk bayan 'yan shekaru nakan sake mata sabo, yanzu sau biyar ke nan. Na watan jiya shi ne mafi kyau da na taɓa haɗawa a rayuwata. Kayan aikin yanzu sun fi na da nesa ba kusa ba, na kuma zauna a kansa mako biyu, na ba shi duhun wajen dasashi da hasken wajen baki, har da ɗan jan goron da ta fara ci. Da ta sa ta yi murmushi a madubi, ni kaina sai da na ƙura ido kafin in tuna wanne ne nawa.

"Yaya Ishaya, wannan karon kam ka kai," in ji ta.

Ina jin daɗi ina wanke hannu, sai na ga ta kama bakin gyalenta ta zaro zare ɗaya. Na taɓa ba ta labarin Baba Adisa da zarensa shekarun baya, ban san ta riƙe ba. Ta rufe ido, ta sa zaren a ƙarƙashin haƙorin dama, wanda ya tsira daga hannuna, ta cije a hankali.

"Wannan ya ji."

Ta matsar da zaren zuwa nawa ta cije. Ta jira. Ni ma na tsaya ina jira da ruwa a hannu, kamar ban san amsar ba. Ta buɗe ido, ta zare zaren ta naɗe shi a yatsa, ta ɗauki jakarta.

"Ba komai, Yaya. Ka dai yi ƙoƙari."